Alisabatu Fry: Matar Da Ta Shiga Kurkuku Da Allura Da Zare

Karatu: Matiyu 25:31-46, Ayyukan Manzanni 9:36-42

In ka bi ta layin teloli a kasuwa da yamma, za ka tarar da ƙyallaye zube a ƙarƙashin kowane keken ɗinki: guntun atamfa, bakin shadda, ragowar yadin makaranta. Yaron shago zai share su ya kai juji. A ƙasashen Turawa akwai wata tsohuwar sana'ar mata da take rayuwa a kan irin waɗannan ƙyallaye. Ana yanka su ƙanana, masu kusurwa huɗu ko uku, a jera su launi kusa da launi, a ɗinke su ɗaya bayan ɗaya har su zama babban mayafin gado. In ana so ya zama bargon sanyi sai a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa masa shafi a baya. Mata sukan taru su yi shi tare, su ba mabukata kyauta, ko su sayar a yi aikin taimako da kuɗin. Waɗansu kuwa, saboda kyansu, a gidajen adana kayan tarihi ake ajiye su. Yau zan ba ka labarin wata baiwar Allah da ta ɗauki wannan aikin hannu ta kai shi cikin kurkuku, da cikin jiragen ruwan da suke kwasar fursunoni. Sunanta Elizabeth Fry. Mu kira ta Alisabatu, kamar yadda Littafi Mai Tsarki namu yake kiran wannan suna.

An haife ta ranar 21 ga Mayu, 1780, a birnin Norwich na ƙasar Ingila. Mahaifinta, John Gurney, attajiri ne mai hannu a cinikin ulu da aikin banki. Mahaifiyarta, Catherine, jikar gidan Barclay ce, waɗanda sunansu yake kan wani babban banki har wa yau. Iyalin 'yan wata ɗarikar Kirista ne da ake kira Abokai, ko Kwekas. Su mutane ne masu sa tufafi marasa ado, a sujadarsu kuma sukan zauna shiru har sai wani ya ji Ruhu ya ba shi magana, namiji ne ko mace. Amma gidan Gurney ba su tsananta wa kansu ba. Akwai kiɗa, akwai rawa, akwai tufafi masu launi. Alisabatu tana da shekara 12 mahaifiyarta ta rasu. Ta taso yarinya mai tsoro: tana tsoron duhu, tana tsoron teku, tana tsoron mutuwa. Ba ta yi fice a karatu ba, rubutunta ma bai rabu da kurakurai ba har ta tsufa. Ka riƙe wannan a ranka, domin wannan matsoraciyar yarinya ce za ta shiga inda masu gadi suke ɗari-ɗari.

A watan Fabrairu na 1798 wani mai wa'azi daga Amurka, William Savery, ya zo majami'arsu a Norwich. Alisabatu ta tafi sujada a ranar sanye da takalma masu launin shunayya da igiyoyi ja wur, a tsakiyar mutanen da ba su san ado ba. Tana da shekara 17. Wa'azin ya soki zuciyarta, ta koma gida tana kuka. Ba a dare ɗaya ta sāke ba, amma daga wannan lokaci ta soma gaskata cewa Allah yana nan, yana kuma da abin da yake so da ita. Sannu a hankali ta ajiye kayan ado. Ta fara tara 'ya'yan matalauta na unguwarsu tana koya musu karatu da Maganar Allah, har suka kai kamar 70. A 1800 ta auri Joseph Fry, mai cinikin ganyen shayi da aikin banki, suka koma Landan. Allah ya ba su 'ya'ya 11 tsakanin 1801 da 1822. A 1811 ikkilisiyarsu ta amince da ita a matsayin mai wa'azi.

A farkon 1813 wani baƙon mai wa'azi, Stephen Grellet, haifaffen Faransa mazaunin Amurka, ya roƙi izini ya shiga babban kurkukun Landan da ake kira Newgate. Abin da ya gani a ɓangaren mata ya sa ya wuce kai tsaye gidan Alisabatu. Mata kamar 300 ne da 'ya'yansu a cunkushe cikin ɗakuna huɗu. An gama wadda aka yanke wa hukunci da wadda take jiran shari'a, an gama yarinyar da ta saci gurasa da wadda ta ƙware a aikata laifi. A ƙasa suke kwana, a ɗakin suke dafuwa, a nan suke wanki. Ana sayar da giya a cikin kurkukun. Ga sanyin Ingila, ga jarirai kusan tsirara. Alisabatu ba ta ce bari a kafa kwamiti ba. Ta aika aka sayo yadin ulu mai ɗumi, ta tara 'yan mata na ikkilisiya a gidanta suka duƙufa da ɗinki, kashegari ta ɗauki ƙunshin rigunan jarirai ta nufi kurkuku. A cikin ziyarce-ziyarcen nan na farko ne ta ga mata biyu suna tuɓe rigar jaririn da ya mutu domin su sa wa mai rai.

Ka tuna da Dokas ta Yafa, wadda gwauraye suka tsaya suna kuka suna nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka musu. Da irin wannan aiki Alisabatu ta fara, kuma da a nan ta tsaya ma, da ta yi abin kirki. Gaskiyar magana ita ce, ta tsaya ɗin, har kusan shekara huɗu. Ta sake haihuwa sau biyu, kasuwancin gidansu ya shiga matsala, ɗan'uwanta ya rasu, a 1815 kuma 'yarta ƙarama mai suna Betsy ta mutu tana da shekara huɗu. 'Yar'uwata, ke da kika taɓa jin Ubangiji ya sa miki nawaya domin wani aiki, sa'an nan ciki da goyo da jinya da makoki suka sha gabanki, kada ki ɗauka kiran ya wuce ki. Wannan mata ta koma Newgate a ƙarshen 1816, wajen lokacin Kirsimeti, ta koma da zuciyar uwar da ta binne 'yarta.

A wannan karo ta roƙi masu gadi su bar ta ta shiga ita kaɗai. Suka gargaɗe ta, ta nace, aka kulle ƙofa a bayanta. Ta ɗauki wani ƙaramin yaro ta rungume shi, ta yi wa matan magana kamar yadda uwa take yi wa uwa. Ta tambaye su ko suna so 'ya'yansu su girma a haka su zama ɓarayi, ko kuwa za su yarda a haɗa kai a yi musu makaranta. Ka lura, tambayarsu ta yi. Matan nan sun saba da umarni, da zagi, da duka. An daɗe ba wanda ya nemi shawararsu. Suka yarda, suka zaɓi malama daga cikinsu, wata budurwa mai suna Mary Connor wadda aka ɗaure bisa zargin satar agogo. Aka samu wani ɗan ɗaki aka fara makaranta. Ba a jima ba sai ga iyayen da kansu suna cunkoso a bakin ƙofa, su ma suna so a koya musu karatu, a kuma ba su aikin yi.

A watan Afrilu na 1817 Alisabatu ta kafa ƙungiyar mata 12 domin kula da fursunoni mata na Newgate: 11 'yan ɗarikar Abokai, ɗaya matar wani fasto. Suka tsara dokoki: ba shan giya, ba caca, ba zage-zage, ba bara ta taga; za a raba mata ƙungiya-ƙungiya, kowace da mai lura daga cikinsu; za a karanta Littafi Mai Tsarki safe da yamma; sauran yini kuma ɗinki da saƙa. Aka karanta wa fursunonin dokokin ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaga hannu suna amincewa. Manyan gari sun ba da izini, amma da yawa a cikinsu sun ɗauka wasa ne. Suka ce kayan ɗinkin ma sacewa za a yi. Da aka yi wata goma, matan sun ɗinka tufafi kusan 20,000, abin da ya ɓace kuwa bai wuce guda uku ba. Ana biyansu ladan aikinsu, ana kuma ajiye musu wani kashi har ranar fita.

A nan ne haɗin ƙyallaye ya shigo, kuma ina so ka ga hikimar da take ciki. Kurkuku wuri ne da lokaci ya yi yawa, kaya suka yi kaɗan. Ɗinkin haɗin ƙyallaye kuwa yana cin lokaci mai yawa, ba ya cin kuɗi. 'Yan kasuwar yadi na ɗarikar Abokai suna da ragowar yadudduka da ba su da abin yi da su, suka riƙa bayarwa kyauta. Wadda ba ta taɓa riƙe allura ba za ta iya fara haɗa guntu biyu a rana ta fari, gwanar kuma ta ɗauki wurin da yake bukatar gwaninta. Aikin yana rabuwa ga hannuwa da yawa, amma a ƙarshe dole a haɗa shi wuri ɗaya, don haka dole mata su yi magana da juna, su jira juna, su daidaita awo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matar da jiya take faɗa da maƙwabciyarta a kan wurin kwana, yau gefen ƙyallenta ne zai haɗu da nata. Ga kuma abin da ba a iya aunawa: macen da kowa ya gaya mata ita shara ce, ta ga shara ta zama abu mai kyau a hannunta. Ka tuna bayan da Ubangiji ya ciyar da mutum dubu biyar, a Yahaya sura 6, ya umarci almajiransa su tattara gutsattsarin da suka rage don kada kome ya lalace. Wanda ya iya riɓanya gurasa bai raina guntu ba.

Hausawa sukan ce kada allura ta tono garma. A nan kam allura ta tono ta. Labarin canjin Newgate ya bazu, a watan Fabrairu na 1818 aka kira Alisabatu gaban kwamitin majalisar dokoki ta ba da shaida a kan halin kurkuku, abin da ba a saba ganin mace ta yi ba. Ta nemi a raba mata da maza, a sa mata su tsare mata, a ba fursunoni aiki da koyarwa. Waɗansu daga cikin waɗannan sun shiga dokar kurkuku ta 1823. A 1821 ta kafa babbar ƙungiyar mata ta ƙasa domin wannan aiki. Amma kada ka zaci kowace ƙofa ta buɗe mata. A zamanin nan laifuffuka fiye da 200 ne hukuncinsu rataya. A 1818 aka yanke wa wata mace mai suna Harriet Skelton hukuncin kisa saboda ta yi ciniki da takardun kuɗi na jabu. Alisabatu ta yi ta kai da kawowa, ta je wurin manyan bankin Ingila, ta je wurin ministan cikin gida, Lord Sidmouth. Ya ƙi, har suka ɓata. Aka rataye matar.

Waɗanda ba a rataye ba, da yawa akan kore su daga ƙasa. Ingila tana tura fursunoni zuwa Ostireliya, can ƙarshen duniya, tafiyar wata uku zuwa biyar a teku, na shekara 7, ko 14, ko har mutuwa. Kaɗan ne suke dawowa. A daren da za a kwashe mata, sukan fasa tagogi su ƙona abin da suka samu saboda baƙin ciki. Da safe a loda su a buɗaɗɗun kekunan doki a bi da su ta tsakiyar gari, jama'a suna yi musu ihu suna jifa. Alisabatu ta roƙi shugaban kurkuku a kai su cikin rufaffun kekuna, ta yi alkawari ita da abokan aikinta za su raka su. Ta zauna da su a daren tana karanta musu Maganar Allah. Ba a fasa ko taga ɗaya ba. Tun daga jirgin Maria a 1818 har zuwa 1843, ita da matan ƙungiyarta sun ziyarci jirage 106, sun sallami fursunoni kamar 12,000.

Bari in buɗe maka jakar da suke ba kowace mace kafin jirgi ya tashi. Akwai Littafi Mai Tsarki. Akwai ƙyallen ɗaurawa a gaba don aiki guda biyu, da hula, da mataji, da wuƙa da cokali mai yatsu. Akwai ƙaramar jaka mai allura 100, da fil, da almakashi, da ɗan ƙarfen da ake sa wa yatsa don kada allura ta soke shi, da ƙwallayen zare fari da baƙi da ja da shuɗi, da sauran zaruruwa masu launi. Wadda idonta ya yi rauni a ƙara mata tabarau. A ƙarshe kuma ƙyallaye kusan kilo ɗaya. Tabaraun nan ne ya fi taɓa ni. Wanda ya tuna cewa a cikin ɓarayi akwai tsohuwar da ba ta iya ganin kafar allura, wannan ya dubi mutane da idon ƙauna. Manufar jakar biyu ce. Ta farko, kada mata su yi watanni suna zaman banza a cikin jirgi cike da matuƙa maza. Ta biyu, in sun sauka a baƙuwar ƙasa ba dangi ba sisi, su kasance da abin sayarwa, da kuma shaidar cewa sun iya sana'a, domin kada yunwa ta tura su sayar da jikinsu.

Wani zai ce, me allura za ta yi wa matar da aka raba da ƙasarta da 'ya'yanta? Tambayar tana da nauyi. Alisabatu ba ta tsayar da jiragen ba. Sai a 1853 aka daina kai fursunoni tsibirin Tasmaniya, a 1868 kuma aka daina gaba ɗaya, bayan ta daɗe da rasuwa. A ganina ma, akwai lokacin da karatun Littafi Mai Tsarki da take yi a Newgate ran Jumma'a ya koma abin kallo, manyan mutane suna zuwa su ga fursunoni suna hawaye. Wannan haɗari ne da yake bin kowane aikin jinƙai da ya yi suna. Amma a Matiyu 25 Ubangiji bai yaba wa tumakin nan domin sun rushe kurkuku ba. Ya yaba musu domin sun tufatar da shi, sun kuma je wurinsa sa'ad da yake ɗaure. Ta yi wa hukuma magana iyakar ƙarfinta, a lokaci guda kuma ba ta bar matar da za ta hau jirgi gobe ta jira gyaran doka ba.

Ita ma ta sha nata. Mutane sun zarge ta da barin gida da 'ya'ya tana yawon kurkuku, har 'yan ikkilisiyarta. Da yawa cikin 'ya'yanta sun yi aure a wajen ɗarikar, bisa ga dokar ɗarikar kuma ba ta iya halartar bikinsu ba. A 1828 bankin mijinta ya karye. Suka bar babban gidansu na Plashet, ikkilisiya ta cire mijin daga zumunci, waɗansu kuma suka fara raɗe-raɗin ƙarya cewa kuɗin taimako ne ya shiga ciki. Matar da ta saba bayarwa ta koma karɓa daga hannun 'yan'uwanta, musamman Joseph John Gurney. Ba ta bar aikin ba. Ta zaga kurkukun Faransa, da Holan, da Jamus, da Denmark. A 1840 ta kafa wurin horar da mata masu jinya a Landan, waɗansu daga cikinsu ne suka bi Florence Nightingale zuwa yaƙin Kirimiya. A 1842 sarkin Furusiya ya bi ta har cikin Newgate ya durƙusa tare da fursunoni ana addu'a.

To, ga labarin mayafin da ya sa na zaɓi wannan rayuwa. Ranar 5 ga Afrilu, 1841, wani jirgi mai suna Rajah ya tashi daga Woolwich, kusa da Landan, ɗauke da fursunoni mata 180. A cikinsa akwai wata budurwa mai shekara 23, Kezia Hayter, mai sunan ɗaya daga cikin 'yan matan da Allah ya ba Ayuba bayan wahalarsa. Ita ba fursuna ba ce. Ta yi aiki a wani kurkukun Landan, Alisabatu ce kuma ta ba da sunanta don ta raka matan. A cikin kwana 105 na tafiya, jirgi yana tangaɗi, haske kaɗan ne a ƙasan jirgi, waɗansu daga cikin matan nan, kamar 29, suka haɗa ƙyallayensu suka ɗinka mayafi guda. Ƙyallaye 2,815 ne a jikinsa. Faɗinsa da tsawonsa kowanne ya wuce mita uku. A tsakiya akwai tsuntsaye da furanni da aka yanko daga yadi aka ɗinka a kai, sa'an nan layi bayan layi na ƙananan ƙyallaye suna kewaye da su. A gefen ƙasa suka yi rubutu da zaren siliki, suna miƙa shi ga matan kwamitin jiragen fursunoni, don godiya bisa ɗawainiyar da aka yi da su, da kuma shaida cewa ba su yi watsi da gargaɗin riƙon aiki ba. Suka sa kwanan wata, Yuni 1841. Ka ga yadda abin ya juya. Da sun sayar da ƙyallayen nan sun sami na kashewa a ƙasar da ba su san kowa ba. Sai ga waɗanda aka yi wa kyauta sun zama masu yin kyauta. Jirgin ya isa Hobart ranar 19 ga Yuli, aka miƙa mayafin ga Lady Jane Franklin, matar gwamna, domin a aika da shi Ingila.

Wani ɗan abu a gefe, domin ya shafe mu. Ƙanwar Alisabatu, Hannah, ita ce matar Thomas Fowell Buxton, wanda ya jagoranci yaƙi da bauta a majalisar Ingila bayan Wilberforce. A wannan shekara ta 1841 ɗin, da ƙoƙarinsa, aka turo jirage uku zuwa kogin Kwara. A cikinsu akwai Samuel Ajayi Crowther, da wani Bajamushe mai suna Schön, wanda ya duƙufa ga koyon Hausa, daga baya ya juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa harshenmu. Dangi ɗaya ne, shekara ɗaya, jirgi ɗaya ya yi Ostireliya da allura, waɗansu suka yo ƙasashenmu.

Aikin bai mutu da ita ba. Tun bayan yaƙin duniya na biyu, matan ikkilisiyoyin Lutheran da na Mennonite a Amurka suka riƙa taruwa suna haɗa barguna ana kai wa 'yan gudun hijira, ko a yi gwanjonsu a yi aikin agaji da kuɗin. A Ingila kuma, a 1997, aka kafa wata ƙungiya mai suna Fine Cell Work domin koya wa fursunoni ɗinkin hannu a kuma biya su, yawancinsu ma maza. Amma ni ba na can nake tunani ba. A garinku akwai gidan kaso. A garuruwanmu da yawa ɗan kaso yana dogara ne ga abin da dangi suka kawo masa, mace kuwa in ta shiga, sau da yawa dangi sukan ji kunyar zuwa. Akwai masu goyo a ciki. In hunturu ya shigo, siminti yana da sanyi. Ku matan zumunta, kuna da anko na kowane taro, ragowar yadin yana ina? Kai ɗan'uwa tela, me kake yi da abin da yaronka yake sharewa? Ku nemi izini wurin hukuma yadda ya kamata, ku tafi ku biyu ko uku, kada ku tafi da mai ɗaukar hoto. In kun shiga, ku fara da tambayar matan abin da suke bukata, kamar yadda Alisabatu ta yi. Wataƙila bargo ne. Wataƙila kuma su ce a ba su allura su ɗinka da kansu.

Jikin Alisabatu ya yi rauni a shekarunta na ƙarshe. Ta rasu a garin Ramsgate, a bakin teku, a watan Oktoba na 1845, tana da shekara 65. Aka binne ta a maƙabartar Abokai da take Barking, mutane fiye da 1,000 suka tsaya shiru a bakin kabari bisa ga al'adar ɗarikarta. An rufe Newgate a 1902, aka rushe shi. Daga 2002 hotonta ya hau takardar kuɗin Ingila ta fam biyar, tare da zanenta tana yi wa fursunoni karatu, har aka janye takardar a 2017.

Mayafin Rajah kuwa ya ɓace daga idon duniya fiye da shekara 140. A 1987 aka gano shi a hannun wani iyali a Skotlan, a 1989 kuma babban gidan adana zane-zane na Ostireliya da yake Kanbera ya karɓe shi. Shi kaɗai ne aka sani ya rage daga dukan waɗanda aka ɗinka a jiragen fursunoni. Saboda tsufansa ba a cika fito da shi ba, haske yana cin launinsa. Masu bincike da suka dube shi kusa-kusa sun ga ɗinkin ba iri ɗaya ba ne: wani wuri ƙanana ne a jere kamar na keke, wani wuri manya ne a karkace, na wadda take koyo. A waɗansu ƙyallayen kuma har yanzu akwai ɗigon jini, inda allura ta soki yatsa sa'ad da jirgi ya karkata.